Tarihin Yaƙi da Rashin Gani Daga Nesa a Tsakanin Yara

Idan ka taɓa ganin yaro yana ƙanƙance ido domin ya karanta abin da malami ya rubuta a allo, alhali littafin da ke hannunsa yana ganinsa tar, to ka ga matsalar da likitocin ido ke kira mayofiya, wato rashin gani daga nesa. Ta sha bamban da dundumi ko yanar ido. A nan ƙwayar idon ce take yin tsawo fiye da kima. Idon jariri yana da tsawon kusan milimita 17 daga gaba zuwa baya, na babba kuma kusan 24. In ya zarce da milimita ɗaya kacal, hoton abin da ke nesa sai ya haɗu tun kafin ya isa tantanin bayan ido da ake kira ratina, sai yaro ya riƙa gani dishi-dishi. Kuma fa idon da ya yi tsawo ba ya komawa. Shi ya sa masana suka kwashe sama da shekara 150 suna neman abin da ke sa shi tsawon.

A shekarar 1867, wani likitan ido mai suna Hermann Cohn ya wallafa sakamakon duba idon ɗalibai sama da 10,000 a Breslau, birnin da yanzu yake cikin ƙasar Folan. Ya tarar a makarantun ƙauye masu matsalar ba su kai 2 cikin 100 ba, amma a manyan makarantun birni sun haura kashi ɗaya cikin huɗu. Sai ya ɗora laifin a kan yawan duƙufa ga littafi, ya kuma yi ta kira da a gyara kujerun aji, a ƙara girman rubutu, a faɗaɗa tagogi. Ka riƙe zancen tagogin nan, za mu dawo kansa.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 20, sai ra'ayi ya juya. Binciken da aka yi kan tagwaye a Ingila ya sa masana da dama suka ce ai gado ne kawai, in iyayenka suna da shi, to sai haƙuri da tabarau. Abin da ya girgiza wannan ra'ayi ya fito daga garin Barrow na jihar Alaska a Amurka a 1969. Cikin manya 131 'yan asalin yankin da suka tashi kafin karatun boko ya kankama, mutum 2 ne kawai ke da matsalar. Amma fiye da rabin 'ya'yansu da jikokinsu suna da ita. Ka ga, ƙwayoyin gado ba sa canjawa tsakanin uba da ɗa haka. Rayuwar ce ta canja.

Daga nan aka koma ɗakin gwaji. A 1977 Torsten Wiesel da Elio Raviola suka nuna cewa in aka rufe ido ɗaya na jaririn biri, idon sai ya yi ta tsawo. A 1978 Josh Wallman ya ga makamancin haka a 'yan tsaki. Ashe ido da kansa yake daidaita girmansa gwargwadon abin da yake gani. To abin da za a iya ɓatawa da yanayi, ai za a iya kare shi da yanayi.

Babban haske ya zo a 2008, lokacin da Kathryn Rose da abokan aikinta suka kwatanta yara 'yan asalin Sin, masu shekara 6 zuwa 7, a biranen Sidni da Singafo. A Sidni kashi 3.3 cikin 100 ne ke da matsalar, a Singafo kashi 29.1. Abin mamaki, yaran Sidni sun fi karanta littattafai. Bambancin shi ne suna yin kusan awa 14 a waje duk mako, na Singafo kuwa awa 3. Hasken aji da wuya ya wuce laks 500 a ma'aunin haske, alhali inuwar bishiya da rana takan kai dubbai. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne haske mai ƙarfi yana sa ratina ta saki sinadarin dofamin, shi kuma ya taka wa tsawon ido birki. Ka ga Cohn da tagoginsa ya kusa cankar amsar, hasken ne bai isa ba.

Taiwan ta gwada wannan a faɗin ƙasa. A 2010 ma'aikatar iliminta ta ƙaddamar da shirin fitar da 'yan firamare waje na minti 120 kullum. Raunin gani a tsakaninsu, wanda ya tashi daga kashi 34.8 a 2001 zuwa 50 a 2011, sai ya sauka zuwa 46.1 a 2015. A birnin Guangzhou na Sin, ƙarin minti 40 a waje kowace ranar makaranta ya sa kashi 30.4 suka kamu cikin shekara uku, maimakon 39.5 a makarantun da ba a yi ƙarin ba. Kullen korona kuwa ya nuna akasin haka: a garin Feicheng, 'yan shekara 6 masu matsalar sun kai kashi 21.5 a 2020, bayan a shekaru biyar na baya ba su taɓa wuce 5.7 ba.

To yaron da ya riga ya kamu fa? Fita waje ta fi amfani wajen hana farawa. Ga wanda ya fara, gwaje-gwajen da aka yi a Singafo da Hong Kong sun nuna ɗigon maganin atirofin mai rauni sosai yana rage saurin tsawon ido, kuma yanzu akwai tabarau na musamman da ke yin irin wannan aiki. Duka biyun sai da likitan ido, wanda zai riƙa auna idon duk wata shida ko shekara. Zancen nan kuwa na cewa tabarau na ƙara kashe ido, wani gwaji a Maleshiya a 2002 ya nuna yaran da aka rage wa ƙarfin tabarau da gangan su ne nasu ya fi saurin taɓarɓarewa.

Kada ka ɗauka magana ce ta tabarau kawai. Ido mai tsawo sosai ya fi fuskantar ɓallewar ratina, hawan jinin ido da yanar ido a gaba, kuma wanda ya fara da wuri shi ya fi yin nisa. A nahiyarmu matsalar ba ta kai ta gabashin Asiya ba tukuna, amma ka duba ranar yaron birni a yau: boko da safe, Islamiyya da yamma, waya da dare, duk a ƙarƙashin rufi. Ba a ce a rage karatu ba. Ka lissafa awa nawa ɗanka ko ƙaninka ya yi a waje jiya. In ba su kai biyu ba, ko tilawa ce a fitar masa da tabarma gindin bishiya. In kuma ka ga yana ƙanƙance ido ko yana matsawa kusa da talabijin, kai shi a duba.