Ciwon ƙoda a Kankiya da Kusada: abin da al'umma za su nemi a yi musu

Idan ƙodar ɗan'uwanka ta daina aiki kuma kana zaune a Kankiya ko Kusada, mafi yawan lokaci sai kun kama hanyar Katsina ko Kano domin wankin ƙoda. Ana son a yi wankin sau 3 a mako, kowane zama kusan awa 4. Ka haɗa kuɗin wankin da na mota, da na jini, da kwanakin da ɗan jinya zai bar gonarsa. Shi ya sa iyalai da yawa suke farawa su daina bayan 'yan makonni. Mai ciwo a cikin birni da na ƙauye cutarsu ɗaya, amma ba kulawa ɗaya suke samu ba.

A fara da gwaji

Ƙungiyoyin gari sukan fara da roƙon na'urar wankin ƙoda. Buƙata ce mai kyau, amma a ganina ba ita ce ta farko ba. Na'urar tana buƙatar tsaftataccen ruwa, wutar da ba ta yankewa da ma'aikatan da suka ƙware, in babu su sai ta zama kayan kallo.

Ciwon ƙoda yana daɗewa yana cin mutum ba tare da alama ba. Kafin ƙafafu da fuska su kumbura, ko amai da kasala su bayyana, ɓarna ta yi nisa. Manyan abubuwan da ke jawo shi su ne hawan jini da ciwon suga. A yankinmu a ƙara da yawan shan magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen bayan aikin gona, da haɗe-haɗen gargajiya da ba a san sinadarinsu ba, da tsargiya da aka bari ba magani. Awon jini, gwajin suga da gwajin fitsari na tsinke suna kama matsalar da wuri, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Ku nemi a samar da su a kowane asibitin shan-magani na mazaɓa, a kuma tabbatar ana gwajin kiriyatinin, wanda ke nuna ƙarfin aikin ƙoda, a Babban Asibitin Kankiya a kowane lokaci. Makarantar Fasahar Lafiya tana nan Kankiya, ɗalibanta za su iya taimakawa wajen awon jini a ranar kasuwa.

Ƙofofin da za ku ƙwanƙwasa

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hurumin tambayar yadda ake kashe kuɗin da ya iso asibitinku. Hukumar KATCHMA ce ke kula da inshorar lafiya a jihar Katsina; ku tambaye ta abin da tsarinta ya ɗauke wa mai hawan jini da mai suga. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Kankiya, Kusada da Ingawa suna da ɗan majalisar wakilai ɗaya: ku kai masa buƙatar rangwamen ya iso ga majinyatanku, tare da tallafin sufuri. Jihar Yobe, bayan shekaru mutanen Gashuwa suna kuka, tana wankin ƙoda kyauta a Damaturu, don haka ba abu ne da ba a taɓa yi ba.

Kada ku je da baki kawai. Ku rubuta adadin masu ciwon a kowace unguwa, nawa suke kashewa a mako, su nawa suka daina zuwa, ba tare da sunayensu ba sai da yardarsu. Ku tafi da hakimi, limamai da ƙungiyoyin mata. Ranar Ƙoda ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Maris, lokaci ne mai kyau na miƙa takardar, a kuma sa ranar komawa jin amsa.