Tarihin ginin ƙasa da kalmominsa a Nijar

Tun kafin zuwan Turawa, maginan ƙasar Hausa suka san yadda ake sanyaya ɗaki ba tare da na'ura ba, kuma sanin nan yana cikin kalmomin sana'arsu. Da tubali ake tada bango mai kauri, wanda ke shan zafin rana sannu a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Ana jera azara ta giginya a yi rufi, a bi ta da laka. In ana son ɗaki mai faɗi, sai a ɗaure baka, a yi daurin guga. Rufin ya yi tsawo, iska mai zafi ta hau sama ta fita ta ƴan tagogi. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke tsare bango daga ruwa. Ana ganin irin wannan gini har yau a unguwar Birni ta Damagaram.

Abu biyu suka raunana sana'ar. Na farko, hukumar mulkin mallaka ta Faransa ta raba kayan gini kashi biyu: siminti da kwano ta kira su na dindindin, laka kuwa ta wucin gadi. Daga nan gidan ƙasa ya zama alamar talauci, alhali ɗakin kwano a watan Afrilu ba ya zaunuwa da rana. Na biyu, farin shekarun 1968 zuwa 1974 ya rage itace, azara ta yi tsada.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Masallacin Yama, cikin jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, ya samu kyautar Aga Khan a 1986. A 1980 aka fara koyar da gini ba katako a Cikal, kusa da Filinge, bisa dabarar ƙubbar Nubiya wadda Hasan Fathi ya farfaɗo da ita a Masar. A 2016 aka gama gidajen Niamey 2000 da bulon ƙasa matsattse.

Saura aikin harshe. Maginin da ya tashi cikin siminti sau da yawa bai san laso ko daurin guga ba, kuma in kalma ta ɓace, dabarar da take ɗauke da ita ba ta daɗewa bayanta. Ya kamata a tattara kalmomin nan daga bakin tsofaffin magina na Damagaram, Maraɗi da Tawa, a daidaita rubutunsu, a shigar da su cikin littattafan yaƙi da jahilci tun masu saninsu suna raye.