Anini Mai Tauraro da Rabuwar Gobir

A ƙasar Sin kowace shekara tana da dabbarta, goma sha biyu suna zagayowa, daga ɓera zuwa alade. Tun 1981, shekarar zakara, gwamnatinsu ke buga sulallan tunawa masu hoton dabbar shekara. Ostareliya ta bi sahu a 1996, Ingila a 2014. Ba don cefane ake buga su ba, ana ajiye su ne a bar wa jikoki.

Mu ma muna da tsabar kuɗi mai ɗauke da tarihi, sai dai ba mu muka zaɓi zanenta ba. A 1907 Turawan Ingila suka fito da anini, wanda goma ke yin kwabo ɗaya. Da sanholo aka fara buga shi, a 1908 aka sauya ƙarfen saboda yana saurin lalacewa. Yana da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da sunan Sarki Edward na Bakwai, da rubutun Larabci domin masu karatun allo su gane ƙimarsa.

A daidai wannan lokaci, tsakanin 1906 da 1908, jami'an Ingila da Faransa ke kafa alamun iyaka. Gobir, wadda ta riga ta tarwatse tun faɗuwar Alkalawa a 1808, ta sake rabuwa. Sabon Birni da Isa suka faɗo hannun Ingila, Tsibiri ta koma hannun Faransa. Da ijiya ɗaya ce, ta wuri. Da aka tilasta biyan haraji da kuɗin Turawa, sai ɗan'uwa a nan ya koma lissafi da kwabo da sule, na can da tamma da dala. Har gobe 'yan canji a bakin iyaka da wannan rabuwa suke cin abinci.

Ga shi kuwa muna da lissafin sama namu: taurari 28 da malamai da manoma ke gane shigar damina da su. Ba a taɓa sa ko ɗaya a jikin kuɗinmu ba.

Yau rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a yankin Isa da Sabon Birni, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar tsohon gwangwanin kaka. Duk wanda anini ya rage a gidansa, kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya ɗauki hotonsa da waya, ya tambayi tsofaffi abin da yake saye a zamaninsu, ya rubuta tun suna raye.