Daga 'Yar Bora Zuwa Abu

'Yan'uwana mata, tun kafin boko ya zo ƙasar Hausa kakanninmu sun san ana cutar yara, har suka sa abin a tatsuniya. Ku tuna 'yar bora da aka ɗora wa laifin da ba nata ba, aka kora ta Ruwan Bagaja wanki. Ta sha wuya, ta dawo da dukiya, ƙurunƙus. Ba mai gaya mana ko tana firgita cikin barci bayan nan.

Da rubutu ya zo ma haka aka bi. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, aka buga a 1934. An sace Umar yana ƙarami, aka ƙetara sahara da shi, aka raba shi da uwarsa. To amma sai ga shi babban malami yana ba almajiransa labari cikin natsuwa, kamar wani abin ya sama. Uwar ce muka ga ta lalace wajen nemansa. Ni dai har kullum ina tambaya, ina kukan yaron ya tafi?

Sai da mata suka ɗauki alƙalami a Kano sannan aka leƙa cikin zuciyar yarinya. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? Abu 'yar shekara 13 ce, aka cire ta daga makaranta aka ba Sarkin Noma, sa'an ubanta. Marubuciyar ba ta ja labule a kan daren farko ba, ta nuna shi a matsayin fin ƙarfi, ta bar mu da tsoron da ƙiyayyar da suka zauna wa yarinya a rai. Wallahi duk wadda ta taɓa ganin amarya ƙarama ta daina magana, ta daina cin abinci, tana zabura in an taɓa ƙofa, ta san Abu. A gida sai a ce iska ce, ko taurin kai.

Ita kanta Hajiya Balaraba tana 'yar shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita, auren bai je ko'ina ba. Shi ya sa da Abu ta gudu Kano, ba ƙwan sihiri aka ba ta ba kamar 'yar bora. Aji ta koma, ta zauna da littafi har ta zama ma'aikaciyar jinya.