Asalin Garin Sukur

Shi dai Sukur gari ne da ke bisa duwatsun Mandara, cikin ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, inda tudun ya haura mita 1,000 daga saman teku. Mutanensa Sakun suke kiran kansu, sarkinsu kuwa Hidi ake ce masa. Duk wanda ya yi niyyar ziyartarsu, komai girman muƙaminsa, tilas ne ya bar abin hawansa a gindin dutse ya kama hanya da ƙafa. Ita kuwa hanyar nan, da yake shimfiɗe take da faffaɗan duwatsu, tana karkata tana miƙewa a tsakanin gonakin dawa waɗanda aka tokare da jerin duwatsu hawa-hawa don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa, ba ta barin mai hankali ya kai bisa face ya tambayi kansa ko su wane ne suka yi wannan aiki, da kuma abin da ya sa suka ɗora wa kansu shi.

Dattawan garin suna da hikaya a kan haka. Sun ce waɗansu ƙatta ne guda biyu, Fula da Deve, suka gina gidan Hidi cikin dare ɗaya, har ma manyan duwatsu biyu da ke tsaye a ƙofar gidan da sunayensu ake kiransu. Ba za a nemi isnadi ga irin wannan magana ba, amma wanda ya ga katangar gidan, dutse bisa dutse, ba laka ba siminti, zai yi musu uzuri.

Riwayar da ta fi wannan nauyi ita ce ta asalin sarauta. An ce zuriyar Dur, waɗanda sarautar Hidi take hannunsu, daga Gudur suka fito, wani wuri a Kamarun yau tsakanin Mokolo da Marwa, wanda sarkinsa ya shahara a zamanin dā da cewa shi ke riƙe da asirin fara, in ya so ya ɗaure ta, in ya so ya sake ta. Al'ummomi da dama na duwatsun Mandara suna danganta kansu ga Gudur ɗin nan, domin nasaba da shi daraja ce a wurinsu. Da Dur suka iso ba kango suka tarar ba, akwai mutane a kan dutsen da shugabanninsu, sai sannu a hankali mulki ya koma hannun baƙin. Masana kuwa suna kai kafuwar daularsu wajen ƙarni na 17.

To, amma nasaba kaɗai ba ta shimfiɗa hanya, ba ta kuma tara jama'a a kan tsauni. Abin da ya ɗaukaka Sukur, a ganina, ƙarfe ne. Allah ya hore wa ƙasarsu wani baƙin yashi mai nauyi, wato tama, wanda ruwan damina ke wankowa daga duwatsu ya tara a ƙoramu. Mata su tattara shi su rairaye, maza su ƙona gawayi, sa'an nan in rani ya yi a gina matoya ta yumɓu, a zauna ana buga zuga-zugi har tamar ta narke ta dunƙule. Abin lura shi ne, alhali a wurare da yawa na wannan yanki narka tama sana'ar maƙera ce su kaɗai, a Sukur manomi ma yana yi, ta yadda kusan kowane gida yana da rabo a cikinta, har abin ya wuce buƙatar garma da fartanyar gida ya zama tijara. Aka riƙa ƙera ƙarfen sanda-sanda, ana ciniki da shi, ana biyan dukiyar aure da shi, fatake suna zuwa daga ƙasar Barno suna saye. Hidi shi ne mai tsare kasuwa da amincin baƙi, shi ke shiryawa da maƙwabta don a sami gawayi da tama in na gida sun gaza, saboda haka ƙarfinsa bai dogara ga yawan mayaƙa ba, ya dogara ne ga kwarjini da buƙatar da mutane ke da ita gare shi. Labarin nan ya yi nisa har Bature matafiyi Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ji shi a shekarar 1851 sa'ad da yake kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya rubuta sunan Sukur a matsayin mazaunin wani sarki mai cin gashin kansa, ko da yake bai hau dutsen ba.

Wadatar nan ita ce ake gani har yanzu a jikin gine-ginensu: rumbuna, da masussukai, da rijiyoyi da aka ɗaure da dutse, da ramukan da ake ginawa a cikin gida a tsare bijimi a ciki ana turka shi har ya yi ƙiba don ranar biki.

Jarrabawa ta zo musu a farkon ƙarni na 20 ta hannun Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, wanda ya yi ta aika mayaƙa da bindigogi suna kai hari kan mutanen duwatsu suna kamo bayi. Ba sai an nemi shaida daga bakin waɗanda aka zalunta ba, gama shi da kansa ya sa an riƙa rubuta masa al'amuransa na yau da kullum da Larabci tun daga 1912, sunan Sukur kuwa yana ciki tare da adadin waɗanda aka kamo. Ingilishi suka tuɓe shi a 1927. Sai dai abin da bindiga ta kasa ƙarasawa, tsohon ƙarfen mota ya ƙarasa, domin da ya yawaita a kasuwanni da araha, maƙeri bai ƙara buƙatar wanda aka sha wuya aka narka ba, kafin 1960 matoyun sun yi sanyi, mutane da yawa suka gangara fili neman gona.

Ƙasar Sukur ta shiga cikin Nijeriya a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, a ƙarƙashin Lardin Sardauna. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne kuwa na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya. A ƙarshen 2014 'yan Boko Haram suka hau dutsen, suka ƙone gidaje, suka kwashe dabbobi da hatsi, jama'a suka watse. Da ƙura ta lafa mutane suka komo, suka sake baibaye ɗakunansu, suka gyara tokaren gonakin da suka rushe, suka ci gaba da noma.