Tarihin Fentin Mota: Abin da Ya Sa Fentin Gwangwani Ke Faɗa da Kiliya

 Yau za mu leƙa garejin masu fentin mota, domin akwai wata tambaya da tarihi ya fi kowa iya amsa ta. Mutum ya sayi fentin gwangwani ya fesa a ƙofar mota ko tankin babur, ya yi kyau. Sai ya kawo ruwan ƙyallin nan da ake rufe fenti da shi, wanda masu sana'ar ke kira kiliya, ya ɗora a kai. Kafin minti goma fentin ya tattare kamar fatar tsohuwa, kuɗi da wahala sun tafi. Da yawa sukan ce jabu aka sayar musu. Sau da yawa kuwa kowanne daga cikin biyun mai kyau ne, zamaninsu ne ya bambanta.

A farkon ƙarni na 20 ana yi wa mota fenti ne kamar yadda ake yi wa keken doki. Da buroshi ake shafa man fenti, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa. Mota ɗaya takan cinye makonni. Wannan jira na daga cikin abin da ya sa kamfanin Ford na Amurka ya tsaya kan baƙin launi kaɗai a motarsa Model T daga 1914 zuwa 1925, domin baƙin fentin nasa mai araha ne, mai ƙarko, kuma ana gasa shi a tanda.

Sauyi ya zo ta hanyar da ba a zata ba. A 1888 wani likita a birnin Toledo, Allen DeVilbiss, ya ƙera abin fesa wa majinyata magani a maƙogwaro. Ɗansa Thomas ya mayar da dabarar bindigar feshin fenti a 1907. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma, kamfanin DuPont mai yin albarushi ya rasa kasuwar sinadarinsa na audugar albarushi, sai ya sarrafa shi zuwa wani fenti mai suna Duco. General Motors ya fara amfani da shi a kan motar Oakland samfurin 1924, da shuɗin launi. Bushewar da ke ɗaukar makonni ta koma ta sa'o'i.

Wannan shi ne dangi na farko, wato lakwa, kuma halinsa ne ya kamata mu riƙe. Lakwa tamkar sukari ce a cikin ruwa. Idan tinar da ke cikinta ta bi iska, sai ta daskare, amma sinadarinta bai sauya ba. Ko bayan shekara ashirin aka ɗiga mata tina, za ta sake narkewa. Shi ya sa lakwa a kan lakwa ba ta kawo rigima, sabuwar takan narke cikin tsohuwar su zama abu ɗaya. Kuma shi ya sa tinarta ke da zafi ƙwarai.

Dangi na biyu, inamel, ya bazu a shekarun 1930. Ford da Chrysler suka rungume shi, General Motors ya ci gaba da lakwa, har ya koma sabuwar lakwar akirilik a shekarun 1950. Inamel yana bushewa sau biyu. Da farko tinar ta fita, saman ya yi ɓawo har a iya taɓawa. Daga nan sai iskar da muke shaƙa ta riƙa shiga tana saƙa ƙwayoyinsa da juna a hankali, aikin da kan ɗauki kwanaki ko makonni. A tsakanin nan inamel yana cikin hatsari. Sama ta yi tauri, ƙasa danye ne. Idan aka ɗora masa abu mai zafin tina, tinar za ta ratsa ɓawon, ta kumbura shi, amma ba za ta iya narkar da shi ba tunda ya fara saƙuwa. Ɓawon da ya kumbura bai da wurin zuwa, sai ya naɗe. Wannan shi ne tattarewar da muke gani. Daga nan ne tsofaffin masu fenti suka samo ƙa'idarsu: ana iya ɗora inamel a kan lakwa, amma ba a ɗora lakwa a kan inamel.

Dangi na uku ya samo asali ne daga Jamus, inda Otto Bayer ya gano sinadarin foliyuritan a 1937. Daga gare shi aka samu fenti mai haɗi biyu, wanda ake kira 2K: fenti daban, hadna daban, sai an zo aiki a gauraya. Da zarar an haɗa, sai ya fara ƙullewa ko da iska ko babu, kuma idan ya gama, tina ko fetur ba sa narkar da shi. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980 kamfanonin mota suka koma raba aikin gida biyu: launi marar ƙyalli a ƙasa, kiliya mai tsare shi daga rana a sama. A masana'anta ana gasa su a zafi kusan digiri 140. Duka shimfiɗun fentin motar zamani, daga firaima har kiliya, kaurinsu bai wuce na silin gashi da yawa ba.

To, ina gwangwani ya shigo? Nasa tarihin daban ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Nowe, Erik Rotheim, ya yi rajistar dabarar a 1927. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka yi amfani da ita wajen fesa maganin sauro. Sai a 1949 Edward Seymour, a garin Sycamore na jihar Illinois, ya zuba fenti a ciki bisa shawarar matarsa, kuma launin farko ruwan alminiyam ne. Amma gwangwani yana da sharaɗi: abin da ke cikinsa dole ya zauna a kanta wata da watanni bai daskare ba. Fenti mai hadna ba zai iya wannan zaman ba. Saboda haka yawancin gwangwanayen kasuwa har yau ko lakwa ce a ciki ko inamel, an kuma tsinka su da tina mai yawa domin su iya fita ta ɗan ƙaramin baki. Wato motar da ke gabanmu tana sanye da fasahar shekarun 1980, gwangwanin da ke hannunmu kuma yana ɗauke da jikokin fasahar 1924 da 1930.

Idan mun fahimci wannan, dokokin aikin ba sa buƙatar hadda. Tsohuwar kiliyar masana'anta ba ta tsoron tinar gwangwani, matsalarta santsi ne, sai an karce ta da samfefa kafin sabon fenti ya kama. Inamel na gwangwani kuwa yana da lokacinsa, shi ya sa da yawa ake rubuta a jikinsu cewa a ƙara shafi cikin sa'a ɗaya ko a bari sai bayan sa'o'i 48. Kiliya mai hadna a kan inamel da bai nuna ba takan tattare shi, ko ta kulle tina a ƙasa ƙyallin ya dusashe daga baya. Kiliyar gwangwani marar hadna ba ta jure fetur, shi ya sa bakin tankin babur ke fara lalacewa. Wanda ke son sanin dangin fentin da ke gabansa, ya jiƙa tsumma da tina ya goga a ɓoyayyen wuri. Idan launi ya biyo tsumma, lakwa ce. Idan ya yi laushi ya tattare, inamel ne. Idan bai motsa ba, gasasshe ne ko mai hadna. Kuma kafin a taɓa mota, a fesa duka biyun a kan guntun ƙarfe a bar shi ya kwana. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Daga baya an ƙera gwangwanin 2K mai ɗaki biyu, wanda ake danna maɓalli a gindinsa hadna ta fashe a ciki, sai a yi amfani da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ya magance matsalar fetur, amma ya kawo hatsarin masana'anta har ƙofar gida. Hadna tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke cikin sanannun abubuwan da ke jawo wa masu fentin mota cutar asma. Ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, takunkumin hana ƙura ma haka. Ƙofar da ta tattare ana kankare ta a sake, amma wanda ƙirjinsa ya kamu da wannan asma, ko ɗan kaɗan ya sake shaƙa takan tashi, har ta raba wasu da sana'ar baki ɗaya. Duk mai ɗan uwa a wannan aiki ya isar masa da wannan.