Tazarce daban, zama daram daban

A aji, nan Dakoro, yara kan tambaye ni bambancin continuity da stability da constancy a Ingilishi, tunda ƙamus kan jera su kamar ƴan ɗaki ɗaya. Ni kuwa sai in ɗauko musu tarihin 2009.

A shekarar ne wa'adin Shugaba Tandja Mamadou na biyu ke ƙarewa. Magoya bayansa suka ce a bar shi ya kammala ayyukan da ya soma, irin su madatsar Kandaji da matatar man Damagaram. Suka kira abin tazarce, kalmar da aka riga aka ji a Najeriya zamanin Abacha, a 1998. Tazarce ita ce continuity: mutum ɗaya ya zarce kan kujera. Amma da yawanmu mun ji ta kamar stability, wato ƙasa ta zauna daram. Nan kunne ya yaudare mu.

Don a zarce, sai da aka rusa majalisar dokoki a Mayu, aka rusa kotun tsarin mulki a Yuni, aka yi zaɓen raba gardama ran 4 ga Agusta. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojojin Salou Djibo suka kifar da gwamnatin.

Constancy kuwa hali ne: mutum ya tsaya kan magana ɗaya. Misalin da nake ba yara shi ne alƙalan kotun nan, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, waɗanda suka ce raba gardamar ta saɓa wa tsarin mulki, suka rasa kujerunsu a kai.